Masu Rai a Jikin Dutse, Inda Teku Ya Kwanta

Assalamu alaikum masu kallo. Ku dubi wannan ruwan da kyau. Ko motsi ba ya yi, amma teku ne, da gishirinsa. Irin wannan mashigi ana samun sa a gaɓar Norwe, da yammacin Sikotland, da kudancin Chile, da Niyu Zilan. Ƙanƙara ce ta haƙa kwarin a zamanin da ta lulluɓe waɗannan ƙasashe, da ta narke sai teku ya kutso ya cike gurbin. Sognefjord na Norwe ya shiga cikin tudu sama da kilomita 200, zurfinsa kuma ya haura mita 1,300. Duwatsu sun tare iska, tudun da ƙanƙara ta bari a bakin mashigin ya karya ƙarfin igiyar ruwa, don haka can ciki ruwa kwance yake.

To mu nutsa.

A mitocin farko akwai haske, ciyawar teku ta mamaye ko'ina. Kuna ƙara yin ƙasa haske na raguwa, ciyawa na janyewa, har a iso inda dutse ya zama na dabbobi. Galibinsu ba sa tafiya ko'ina. Tun suna ƙanana suke manne wa dutse, a nan za su rayu, a nan za su mutu, abincinsu kuwa sai abin da ruwa ya kawo musu har baki.

A nan kwanciyar ruwa take zama alheri, take kuma zama matsala. A gaɓar da igiya ke duka dare da rana, sai mai tauri ko mai lanƙwasa ke tsira. Cikin mashigi kuwa mai laushi ma yana da wuri: soson teku mai rassa, da wata halitta da ake kira Protanthea simplex, mai siraran hannaye farare, wadda a Birtaniya kusan a mashigan Sikotland kaɗai ake ganin ta. Amma ruwan da ba ya motsi ba ya share komai. Laka na sauka a hankali, tana kwanciya a kan duk wani shimfiɗaɗɗen dutse, kamar ƙura a ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Dabbar da ke tace ruwa don ta ci, laka toshe ta take yi. Shi ya sa za ku ga saman dutse fayau, gefensa kuwa, inda ya miƙe tsaye ko ya rufo, cunkus yake da rai, ba masaka tsinke.

Mu matso kusa da bangon. Wannan ɗan ƙwanson mai launin ƙasa, da bai wuce farcen yatsa ba, za ku ɗauka katantanwa ce, amma ba ita ba ce. Sunansa Novocrania anomala, danginsa kuma sun fi shekara miliyan 500 a teku. Gefensa ga wata 'yar jaka mai sheƙi da baki biyu, tana zuƙar ruwa ta ɗaya tana fesarwa ta ɗayan. Ita ta fi ba ni mamaki. Tana jaririya tana da wutsiya da wani zare a bayanta irin wanda ƙashin bayanmu ke samo asali daga gare shi, wato ta fi kusa da mu a dangantaka fiye da kaguwar da ke ratsawa ta gabanta. Fentin nan mai ruwan hoda a jikin dutsen shi ma mai rai ne, gansakuka ce mai tauri, kuma ita ke saura idan bushiyar teku ta bi ta kankare sauran.

A Milford Sound na Niyu Zilan ruwan sama ya kan wuce mita 6 a shekara. Yana gangarowa daga daji da launin ganyaye, ya kwanta a saman ruwan gishiri ya tare haske. Duhu ya fara tun ba a yi nisa da saman ruwa ba, sai halittun zurfi suka hauro. Baƙin murjani, wanda a wasu tekuna sai an nutsa sosai, a nan ana ganin sa a kimanin mita 10. Yana da rai fari ne, ƙashinsa ne baƙi, kuma wasu sun yi ɗaruruwan shekaru a tsaye.

Wannan jinkirin girma shi ne abin damuwar. Abin da bai saba da duka ba, ƙugiyar jirgi ɗaya ta ishe shi. A mashigin Loch Creran na Sikotland, tsutsotsi masu jajayen tukkaye sun gina bututun farar ƙasa, wani kan wani, har suka zama tsibi a ƙarƙashin ruwa. Masu nutso sun ga layukan da kayan kamun kifi suka ja suka farfasa su, kuma tun 2007 doka ta hana jan irin waɗannan kaya a inda tsutsotsin suke.