Inji zai ƙwace maka aiki ne, ko wani ɓangare na aikin zai ɗauke?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun ƙarshen watan Nuwamba na 2022 da aka saki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) mai amsa tambaya da yin rubutu, kowa ka taɓa sai yace maka ai shikenan an gama da marubuta, an gama da masu zane, an gama da akantoci, har masu rubuta manhaja ma wai su fara neman wata sana'ar. Toh yau so nake mu ajiye tsoron nan a gefe tukuna, mu duba yadda inji yake shiga aikin mutane a zahiri, domin in ka gane ta inda yake shigowa, zaka san inda ya kamata ka tsaya.

A 2013 wasu masana biyu a jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, suka fitar da bincike suka ce kashi 47 cikin 100 na ayyukan Amurka suna cikin babban haɗarin inji ya maye gurbinsu. Jaridu suka ɗauka ko'ina. Bayan shekara uku, a 2016, masu bincike na OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe, suka sake lissafin, sai suka samu kashi 9 kacal. Daga 47 zuwa 9 fa! Me ya kawo wannan tazarar? Na farko sun kalli sana'a a dunƙule ne, wato akanta, direba, sakatare, suka ce wannan inji zai iya, wannan ba zai iya ba. Na biyun kuma suka farke kowace sana'a suka duba ƙananan ayyukan da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya, sai suka ga yawancin mutane abinda suke yi a rana gauraye yake, wani inji zai iya, wani kuwa ko kusa.

Wannan shine ginshiƙin maganar tamu gaba ɗaya. Inji baya zuwa ya tambayi sunan muƙaminka. Ƙananan ayyukan da kake maimaitawa kullum yake tsincewa.

Wani masanin tattalin arziki, James Bessen, ya duba jerin sana'o'i 270 da ke cikin ƙidayar Amurka ta 1950, ya bi su ya ga makomarsu. Wasu sun mutu saboda an daina buƙatar abinda suke yi, amma wadda za a ce inji ne ya share ta gaba ɗaya, guda ɗaya ce tak, aikin mai tuƙa lif, mutumin nan da yake tsayawa a cikin na'urar hawa bene yana kai mutane sama da ƙasa. Me yasa shi? Don aikin nasa abu ɗaya ne, ba wani na biyu da zai koma kai.

Yanzu kwatanta shi da kashiyan banki. An fara saka ATM a Landan a 1967, da ta bazu a Amurka kowa ya ɗauka masu zama a kanta sun gama yawo, tunda me ya rage musu in inji na ƙirga kuɗi yana miƙawa? Amma abin mamaki yawansu bai faɗi ba, ƙaruwa ma yayi na tsawon shekaru. Dalili kuwa, kowane reshe ya koma buƙatar ma'aikata kaɗan, buɗe reshe yayi sauƙi, sai bankuna suka yi ta buɗe sababbi. Aikin kuma ya canza, ƙirga kuɗi ya ragu, aka koma warware matsalar kwastoman da katinsa ya maƙale ko kuɗinsa ya ɓata a hanya, da yi wa mutane bayanin rance da buɗe asusu. Sai dai kar in yi muku daɗin baki, daga baya da banki ya koma cikin waya, yawan kashiyoyin ya fara sauka da gaske. Wato ATM ta basu lokaci ne su canza, wanda ya yi amfani da lokacin ya matsa gaba, wanda ya zauna kuwa guguwa ta biyu ta same shi.

Su kansu manyan masana hasashensu na kuskurewa. Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen ƙirƙirarriyar basirar nan, wanda har ya samu kyautar Nobel a 2024, a 2016 ya ce a daina horar da likitoci masu karanta hoton cikin jiki, wai cikin shekara biyar kwamfuta zata fi su. Yau ga shi asibitoci na neman su ruwa a jallo. Manhajar tana gano tabo a hoto kam, amma wa zai haɗa hoton da tarihin majinyaci, wa zai zauna da likitan tiyata su yanke shawara, kuma wa zai sa hannu ya ɗauki alhakin in abu ya ɓaci?

Toh kai fa, ya zaka yi da naka aikin? Ɗauko takarda da biro, ka rubuta duk abinda ka yi a wurin aiki satin da ya wuce, ba abinda aka rubuta a takardar ɗaukarka aiki ba, ainihin abinda hannunka ya taɓa. A ce ke akanta ce. Zaki rubuta shigar da rasit a kwamfuta, daidaita lissafin banki da na ofis, haɗa rahoton ƙarshen wata, amsa imel iri ɗaya sau ba adadi, sai kuma kiran wani kwastoma da ya yi wata uku yana ja miki rai bai biya ba, sai ranar da kika kalli wata takardar biya kika ji a jikinki akwai lauje cikin naɗi, kika je kika samu oga kika faɗa masa ba tare da kin tayar da ƙura ba.

Kowane layi ki tambayi kanki, zan iya rubuta matakan wannan daki-daki in miƙa wa baƙon da bai taɓa shiga ofis ɗin nan ba ya yi shi daidai? In amsar eh ce, toh wannan layin yana kan hanyar fita, ko bana ko baɗi ko nan da shekara biyar. Shigar da rasit da rahoton wata duk suna nan. Amma kiran mai taurin bashin nan, da gano cewa lissafi na wari, da sanin yadda za a faɗa wa oga, waɗannan basa rubutuwa. Yanzu ki auna, kashi nawa na lokacinki ke tafiya a kowane ɓangare? In kashi 80 na satinki a ɓangaren farko yake, gaskiya ba sai an jira an kira mitin ba, ki fara roƙon a baki irin aikin ɓangare na biyu tun yanzu, ko da ƙarin wahala ne ba ƙarin albashi.

Af, masu aikin hannu kuma, irin masu gyaran wuta, masu haɗa famfo, masu jinya, abin ya ɗan fi yi musu sauƙi. Tun shekarun 1980 masu ƙera mutum-mutumi suka lura cewa koya wa kwamfuta lissafi mai wuya ya fi sauƙi akan koya mata ta durƙusa a ƙarƙashin wurin wanke hannu ta lalubo inda ruwa ke yoyo.

Abu na gaba shine ka koyi injin da kansa, amma a cikin sana'arka. Akwai wata mata, Dorothy Vaughan, wadda tun 1949 take shugabantar rukunin mata baƙaƙen fata masu yin lissafin jiragen sama da hannu a cibiyar Langley ta Amurka, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Da aka fara shigo da manyan kwamfutoci, ta gane lissafin hannu kwanansa ya ƙare, sai ta koyi yaren FORTRAN da ake ba kwamfutar umarni da shi, ta kuma koya wa matan da ke tare da ita. Ka lura bata bar lissafi ta koma wani fanni ba. Ilimin da take da shi ta ɗora sabon kayan aiki a kai, shi yasa ta fi wanda ya iya kwamfutar kawai bai san abinda ake lissafawa ba.

Anan nake da ja da masu tara satifiket. Kaga mutum yau yana kwas ɗin tallan intanet, gobe nazarin bayanai, jibi tsaron kwamfuta, satifiket goma amma ba abu ɗaya da zai buɗe ya nuna yace ni na yi wannan. Tsoro ne ke tura shi, masu sayar da kwas kuma sun san haka sarai. Gara ka ɗauki layi ɗaya daga takardar nan taka, a ce rahoton wata, ka zauna da manhajar AI har sai ka iya gama shi cikin awa ɗaya maimakon yini, kana kuma kama kurakuranta, don wallahi tana sharara ƙarya da cikakken ƙarfin gwiwa, wanda ya san fannin ne kawai zai gane.

Akwai wani bincike na 2023 da ya kamata tsofaffin hannu su saurara da kyau. Masanin tattalin arziki Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa sun bi ma'aikata sama da 5,000 masu amsa ƙorafin kwastoma da aka basu mataimakin AI. Aikinsu ya ƙaru da kusan kashi 14 a matsakaici, amma sababbin shiga kashi 34 suka ƙaru, ƙwararrun kuwa kusan ba canji. Ma'ana tazarar da ke tsakaninka da yaron da aka ɗauka jiya tana raguwa, in dai duk fifikonka shine ka haddace amsoshi. A gefe guda kuma ni abinda ya fi damuna matasa ne, tunda ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga ya koyi aiki a kansu sune inji ya fara ɗaukewa, kuma wannan ba matsala bace da mutum ɗaya zai warware da ƙoƙarinsa, sai kamfanoni da makarantu sun sa hannu.

Sai maganar mutane. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin sabon aiki yafi zuwa daga wanda kuka san juna sama-sama, ba daga aminin ka ba, don amininka abinda ka sani shi ya sani. A 2022 wani gwaji da aka yi da mutane sama da miliyan 20 a LinkedIn, dandalin intanet na neman aiki, ya ƙara ƙarfafa hakan. Don haka tsohon abokin aikin nan da ya koma wani kamfani, ka riƙa gaisawa da shi tun kana da aikinka, kar sai ranar da aka miƙa maka takardar sallama. In kuma da hali a ajiye ɗan abinda zai riƙe gida na wasu watanni, don mai neman aiki da yunwa duk abinda aka miƙo karɓa yake.

Rahoton taron tattalin arziki na duniya na 2025 ya yi hasashen kusan kashi 39 na ƙwarewar da ma'aikata ke amfani da ita zata canza ko ta tsufa kafin 2030. Hasashe ne, kuma mun ga yadda hasashe yake, amma kai kana da hanyar aunawa da kanka. Duk bayan wata shida ka nemo tallan neman ma'aikata guda goma na irin aikinka, ka karanta abinda suke buƙata, ka ja layi a ƙarƙashin duk abinda ya fito sau uku ko fiye wanda baka iya ba. Shi zaka fara koya a wata shidan da ke tafe.