Jan layin da ke ƙarƙashin kalma: laccar da aka gabatar a Kumasi

Assalamu alaikum. Malamai, iyayena da ɗalibai, abubuwa uku na zo da su a kan yadda manhajar rubutu take ba mu shawara bayan ta ja jan layi a ƙarƙashin kalma.

Na farko shi ne lissafin kusanci. A 1964 Fred Damerau na kamfanin IBM ya gano cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na kurakuran rubutu ba sa wuce harafi ɗaya: ko a ƙara shi, ko a tsallake shi, ko a sa wani a madadinsa, ko haruffa biyu su yi musayar wuri. A 1965 kuma Vladimir Levenshtein na Rasha ya fito da hanyar ƙirga yawan gyaran da ke tsakanin kalmomi biyu. Shi ya sa idan hannu ya yi gaggawa ya buga "makarnata", nan take a miƙo maka "makaranta".

To, ga inda gizo yake saƙar. Wannan lissafin bai san babba da yaro ba a cikin haruffa. Idan ka rubuta "kauye", a wurin na'ura tazararsa da "ƙauye" daidai take da tazararsa da "kauce", alhali duk Bahaushe ya san lanƙwasa ce kawai ta faɗi, domin allon buga rubutun da muke saya a kasuwar Adum ta nan Kumasi babu ƙ a kansa, babu ɗ, babu ɓ. Lanƙwasa, jama'a, lanƙwasa! Maganin kuwa yana nan. Hunspell, manhajar duba kuskuren rubutu wadda László Németh ya ƙirƙira saboda harshen Hungary, kuma manhajar rubutu ta LibreOffice take aiki da ita, tana da wurin da za ka shaida mata cewa k da ƙ 'yan uwa ne, sai ta sa "ƙauye" a gaba. Akwai kuma jadawalin musanye, inda za mu koya mata cewa "ch" da muke gani a allunan unguwar Aboabo "c" ake nufi, domin ta mayar da "chacha" zuwa "caca".

Mafi muni shi ne kuskuren da ya zama kalma mai ma'ana. Na taɓa karɓar katin walima da aka rubuta sunana a jerin "manyan baki". (Dariya.) Na'ura ba ta ce uffan ba, domin "baki" yana cikin ƙamusunta, kuma ba za ta gane "baƙi" ake nufi ba sai ta dubi kalmomin da ke gaba da baya.

Na biyu, ko na uku ne? Lokaci ya ja. A taƙaice, kalmar da aka fi yawan amfani da ita ce ya kamata ta zo a saman jerin shawarwarin.

Na'am, Alhaji? Yana tambaya ko na'urar za ta riƙa ja wa Hausar Zango, wato Hausarmu ta nan Ghana, layi. Ranka ya daɗe, batun sa "ya" a wurin "ta" da ake yi a Hausar Zango nahawu ne, wannan manhaja ba ta taɓa shi. Amma idan daga jaridun Kano kaɗai aka tattaro ƙamusun, sunayen wurarenmu irin su Asawase da Kejetia duk ja za su yi, kuma idan ka rubuta "waakye", shinkafa da waken nan na Ghana, za ta ce ko "wake" kake nufi. A nan kam ba ta yi ƙarya ba, daga can sunan ya fito, sai dai Hajiya mai sayarwa ba za ta sauya allonta ba. Saboda haka mai tsofaffin wasiƙu ko takardun sanarwa na unguwa ya kawo mana, mu shigar da kalmominsu cikin jerin.