Bayan 30 ga Yuni: Mu da Masu Kawo Mana Aiki

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama na akantoci da masu aikin haraji a Kano, cikin watan Yulin 2025. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Shugaban zama, iyayenmu a wannan sana'a da ke nan gaba, ƙannena da 'ya'yana da ke can baya, sannunku da gajiya. Da gaske nake yi muku sannun, don ina kallon idanun wasunku har yanzu ba su washe ba.

Bana ta zo mana da nauyi. Mun fara da 31 ga Janairu, ranar ƙarshe ta miƙa bayanan harajin albashin ma'aikata. Ba mu gama numfashi ba azumi ya kama, watan Maris gaba ɗaya da ƙishirwa muka yi shi a gaban kwamfuta, kuma 31 ga wata, ranar da doka ta yanka wa ɗaiɗaikun mutane, ta faɗo washegarin ƙaramar Sallah. Sai ga Yuni: babbar Sallah ranar 6, kowa hankalinsa na kan rago, sannan Litinin 30 ga wata duk kamfanin da ya rufe lissafinsa a Disamba dole ya miƙa bayanan harajinsa. Wannan duk ban da na wata-wata, harajin albashi kafin 10, VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, kafin 21, waɗanda ba ruwansu da azumi ko Sallah.

An ce in yi magana kan yawan aiki. Zan fara da wata jaka.

Ranar Alhamis 26 ga Yuni, bayan la'asar, wani Alhaji da muka shekara bakwai muna yi wa aiki ya shigo ofis, yaronsa na biye da shi ɗauke da jakar nan mai zanen layi-layi da ake zuba kaya in za a tafiya. Ɗan kasuwar hatsi ne, riɗi da zoɓo da waken suya yake saye yana lodi, kamfaninsa mai rajista ne. Ya ce, "Malam, ga takardun nan, a yi mini kafin Litinin." Muka zazzage jakar a kan tabarmar da muke salla, don teburi ba zai ɗauka ba. Rasit ɗin POS fiye da rabi sun koɗe sun koma farar takarda, zafin sito ya cinye rubutun. Littattafan makaranta guda biyar, wani da boko wani da ajami. Takardun banki uku. A cikin asusun kamfanin muka tarar da kuɗin makarantar yara, da kuɗin ragunan layya na bara, da wasu miliyoyi da ƙaninsa da ke Saudiyya ya turo a sa masa a gini. Ga mai duba haraji, kuɗin da ya shigo asusun kamfani ciniki ne har sai ka kawo hujjar cewa ba ciniki ba ne. Yaron ofishinmu kwana biyu ya yi da waya a kunne yana tambaya, wannan tiransifa ta wace ce, waccan ta mene ce. Daren Asabar aka ɗauke wuta, man janareto ya ƙare, ya ƙarasa da hasken waya. Mun miƙa ranar Litinin da yamma.

A daren na kwana ina jin haushin Alhaji. Da gari ya waye sai na tambayi kaina: daga Yulin bara zuwa wannan Alhamis, sau nawa ƙafata ta taka shagonsa? Ko sau ɗaya. Wata goma sha ɗaya ban neme shi ba, shi ma bai neme ni ba. To ta ina zan yi tsammanin jakar ta zo a shirye? Wannan shi ne abin da na zo in faɗa yau. Wa'adin doka ba shi ke kashe mu ba, wata shida cur aka ba kamfani bayan rufe shekara. Abin da ke kashe mu shi ne mun mayar da kanmu mutanen da ake gani sau ɗaya a shekara, kamar mai gyaran rufi da ba a tunawa da shi sai ruwa ya zuba.

Kada wani ya ce mutanenmu ba su iya lissafi ba. Wallahi sun iya. Alhajin nan in ka tashe shi daga barci zai gaya maka buhu nawa ke sito, wa yake bi, wa ke bin sa, dillali nawa ya ci la'ada, ba zai kuskure ba. Haka 'yan Kantin Kwari, haka 'yan Singa, haka 'yan Dawanau. Mutum zai ɗauki kayan miliyoyi da kalmar baki ya biya ranar da ya ce. Lissafin yana nan, sai dai a kai yake da amana, hukuma kuma takarda ta sani. Aikinmu shi ne ɗauko abin da ke kansa mu sa a takarda, kuma wannan ba ya yiwuwa a kwana huɗu.

Akwai kuma tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Mu da muka manyanta mun san lokacin da ake bin haraji da jangali gida-gida da ruga-ruga, mun ji yadda magidanci kan bar gari in lokacin ya zo ba shi da abin biya, mun san yadda aka yi murna a 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna. Wanda ya tashi da wannan labari a gidansu, in ka ce masa haraji, ba fom yake gani ba, wulaƙancin da aka yi wa ubansa yake tunawa. Shi ya sa yake ɓoye maka asusun banki na uku har sai ka gano da kanka. Ba ƙinka yake yi ba. Bai riga ya yarda cewa kai nasa ba ne. Yarda kuwa zama take so, da shan shayi a bakin shago, da zuwa gaisuwar mutuwa.

Da muna zuwa, da kurakurai da yawa ba su kai Yuni ba. A ƙarƙashin dokar kuɗi ta 2019, kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba ba ya biyan harajin riba. Mutane suka ji rabin maganar suka tafi da ita. Ba su ji cewa dole ne duk da haka ka miƙa bayananka ba, in ba ka miƙa ba tara ce, a dokar da ke aiki a 2025 dubu 25 a watan farko, dubu 5 kowane wata bayansa. Bana na ga wata baiwar Allah mai ɗinki da ta yi wa shagonta rajistar kamfani shekara huɗu da suka wuce don ana ce mata za a ba da tallafi. Ko kwabo na haraji ba ya kanta, amma tara ta taru. Da ta ji adadin sai ta yi shiru, ta ce, "Baba, ai ni cewa aka yi ƙananan kamfanoni an yafe musu." Wani kuma bai san bambancin rajistar sunan kasuwanci da ta kamfani ba, bai san harajin na farko hukumar jiha ce ke da shi, na biyu kuma ta tarayya. 'Yan kwangila ana cire musu haraji tun kafin a biya su, kuɗinsu ne, za a iya rage musu shi daga abin da za su biya, amma ba sa bin sawun shaidar cirewar, sai kuɗin ya kwanta. Sannan ranar da kwangila ta fito aka ce a kawo takardar shaidar biyan haraji, wadda ke duba shekara uku baya, sai a zo maka da gudu ana so gobe. Duk waɗannan maganar minti goma ce a watan Agusta.

Yanzu maganar da ba mu cika son yi a bainar jama'a ba. "Malam, a ɗan rage mini harajin." Babu wanda ke ɗakin nan da bai ji ta bana ba. Ragi iri biyu ne. Akwai wanda doka ta ba mutum: kuɗin da ya kashe don kasuwancin, rangwamen injina da motoci, asarar da ya yi a baya, kuɗin fansho. Wannan haƙƙinsa ne, in ka bar masa ko naira ɗaya a ƙasa saboda kasala ka ci amanarsa. Akwai kuma wanda ake so ka rubuta ciniki miliyan 24 alhali ka ga 90 da idonka. Wannan ƙarya ce, kuma hannunka da hatiminka ne a kai. 'Ya'yana da kuka shigo sana'ar kwanan nan, matsin nan a makon ƙarshe ya fi ƙarfi, lokacin da ka gaji, ba ka da lokacin bincike, kuɗin hayar ofis na jira. Gaggawa ce ke buɗe wa ƙarya ƙofa. Tun da aka koma miƙa bayanai ta intanet da TaxPro Max, shafin hukumar harajin tarayya, a 2021, abin da ka shigar yana nan a ajiye, ana iya gwada shi da VAT ɗin da mutumin ya bayyana wata-wata da abin da masu ba shi kwangila suka cire. Ranar da za a zo bincike, mutumin da ka yi wa alfarmar shi zai fara nuna ka da yatsa. Ni na rabu da mutum biyu bana a kan wannan, ɗaya abokin mahaifina ne, kuma abin ya yi mini ciwo.

Ga wata ƙofa da na daɗe ina amfani da ita. Haraji daban, zakka daban, kada a ce na haɗa su. Amma ɗan kasuwa mai tsoron Allah kowace shekara yana ƙirga kayan sito, ya haɗa kuɗin hannu da na banki, ya duba bashin da yake sa ran karɓa, don ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Wannan ƙidaya ce cikakkiya, kuma da zuciya ɗaya yake yin ta. In ka ce masa, "Alhaji, yadda kake yi na zakka, mu yi irinsa ranar ƙarshen Disamba mu rubuta," nan take zai gane abin da kake nufi.

Sai ku iyayen gida, da ni a ciki. Nauyin Yuni ba a kanmu yake sauka ba, a kan yaran nan ne. A ofishinmu akwai yarinya mai goyo, makon ƙarshe sai bayan sha ɗayan dare mijinta ke zuwa ɗaukarta a babur, jaririn na barci a kujera an tare shi da fayil kada ya faɗo. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma shirunta ne ya fi damuna. Muna karɓar aikin da ya fi ƙarfin hannuwanmu don kunyar cewa a'a. Muna cajin wanda ya kawo takardu a Fabrairu daidai da wanda ya kawo jaka saura kwana huɗu, wato mai kiyayewa ke biya wa mai sakaci. A biya yaran nan ladan darensu. A ba su hutu a Yuli. A koya musu aikin, kada su shekara uku suna shigar da lambobi ba su san dalilin ko ɗaya ba.

Ranar da Alhaji ya kawo jakarsa, a ranar Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka fito daga aikin kwamitin gyaran haraji na Taiwo Oyedele, kuma an ce za su fara aiki a Janairun 2026. Hukumar harajin tarayya, FIRS, za ta koma NRS. Naira dubu 800 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara babu haraji a kai. VAT na nan a kashi 7.5. Tarar rashin miƙa bayanai ta tashi zuwa dubu 100 a watan farko da dubu 50 kowane wata bayansa, ku tuna da mai ɗinkin nan. An kuma kawo rangwamen kuɗin haya, kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarsa dubu 500. Ku duba garin nan, mutum nawa ke karɓar rasit in ya biya haya? Hannu da hannu ake ba mai gida ko dillali. Wanda ba mu gaya wa tun yanzu ya nemi takarda ba, haƙƙinsa zai wuce shi yana kallo.

Talatar da ta wuce na je shagon Alhaji. Ya yi mamakin ganina, ya ce ko wata matsala ce ta taso. Na ce babu, gaisuwa na zo. Muka zauna a kan buhuna har azahar. Mun yi da shi zai ware asusu ɗaya na gida, kuɗin ƙaninsa kuma kada ya sake bi ta na kamfani. Na sayo babban littafi na ba yaronsa mai sakandare, na ja masa layi huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, dalili. Kowace Asabar zai ɗauki hoton shafin da na rasit tun ba su koɗe ba ya turo ta WhatsApp. Asabar ɗin nan ya turo na farko, shafi biyu, ya manta dalili a wuri uku, na kira shi muka cike.

Shugaban zama na nuna mini agogo. Bismillah, wa ke da tambaya? Hajiya a can baya, a miƙa mata lasifika.