Agogonmu na Ndjamena ne: lacca kan yadda aka raba lokacin duniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya can kuna ji na? To madalla. Abu uku nake so mu taɓa yau, yadda aka raba lokacin duniya, sai namu na Najeriya, sai ƙasashen da suka bi tasu hanyar.

Na farko lissafi ne mai sauƙi. Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, zagayenta kuma digiri 360 ne, in ka raba kowace awa ta tashi da digiri 15, kowane digiri minti 4. Ku riƙe min minti huɗun nan don Allah. A da kowane gari da lokacinsa, rana ta take tsaka sha biyu ta yi, shike nan. Jirgin ƙasa ne ya rusa wannan, don ba yadda za a yi ka tsara tashi da isowa alhali kowace tasha da nata agogon. Kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka da Kanada suka daidaita nasu a 1883, a 1884 kuma ƙasashe 25 suka zauna a Washington aka tsayar da layin Greenwich na Landan a matsayin sifili. Layin nan in ka biyo shi kudu ta Tema yake faɗawa teku, can Ghana, shi ya sa ƴan'uwanmu na Nima da Kumasi suke bayanmu da awa guda.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Mu muna gaban Greenwich da awa ɗaya, mu da Nijar da Kamaru da Chadi. Awa ɗaya digiri nawa na ce? Yawwa, 15. To layin digiri 15 bai ko taɓa Najeriya ba, ta wajen Ndjamena ya bi. Wato agogon da ke hannunka yanzu haka ranar Ndjamena yake bi, ba ta Kano ba. Kano tana wajen digiri 8 da rabi, ka cire daga 15 ka ninka da 4, minti 26 ke nan, don haka rana ba ta takawa tsaka a Kano sai wajen sha biyu da rabi saura kaɗan, kuma tana ɗan matsawa gaba ko baya har kusan kwata gwargwadon watan da ake ciki.

Maiduguri digiri 13, Sakkwato 5. Takwas sau huɗu, 32. Rabin awa jama'a! Mutumin Maiduguri ya sha ruwa ya ci dabino ya yi magariba, na Sakkwato yana nan yana kallon kofin kunu, rana ba ta faɗi ba, kuma agogonsu ɗaya. Tsakanin Diffa da Yamai ma ya haura minti 40. Abin da ke ci min rai shi ne jadawalin sahur da buɗa-baki da ake ta turawa a WhatsApp ba sunan gari a kai, wani ya ɗauka ya tura gidansu, gwaggo ta gani ta yi aiki da shi. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne, azumin mutum ne fa. Ka ga jadawali, ka fara neman sunan gari, in babu ka ajiye shi ka saurari ladanin unguwarku. Iyayenmu malamai inuwa suke aunawa da ƙafa, mutum ya tsaya a fili ya taka tsawon inuwarsa ya san azahar ta yi ko la'asar. Ku gwada, ku kafa sanda a tsakar gida ku riƙa sa tsakuwa a bakin inuwar, lokacin da ta fi gajarta ku duba agogo. Zan maimaita, minti huɗu kowane digiri.

Na nawa muke ma? To na ƙarshen dai, lokaci ya ƙure. China duk faɗinta agogo ɗaya take bi, na Beijing, har ta kai a Kashgar, can yammacin ƙasar, da sanyi rana kan fito wajen ƙarfe goma. Indiya tana gaban Greenwich da awa biyar da rabi, Nepal biyar da minti 45. Makka tana gabanmu da awa biyu, maniyyata a lura.

Na'am, ɗan samari, ɗaga murya. Yana tambaya me ya sa wasan ƙwallon Ingila wani lokaci ƙarfe uku wani lokaci huɗu. Ai na san sai ƙwallo ta shigo, kun ga yadda kowa ya gyara zama? Mu ba ma taɓa agogonmu, su ne ke taɓa nasu. Lahadin ƙarshe ta Maris suna tura shi gaba da awa ɗaya saboda yininsu na bazara yana da tsawo ƙwarai, sai mu zama daidai da su, uku can uku nan. Lahadin ƙarshe ta Oktoba su mayar da shi, sai ukunsu ta zama huɗunmu. Mu kusa da tsakiyar duniya muke, tsawon yininmu ba ya sauyawa sosai, don haka ba mu da buƙatar yin haka. Akwai wata tambayar? Hajiya, bismillah, a miƙa mata abin magana.