Na sauya wa tsohuwar tarakta shaf ɗin baya a Ingila

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar ruwa a kan kwano, nan Yorkshire idan ka ce sai an ɗauke ruwa za ka yi aiki, to ka shekara kana jira. Auta, matso da kyamarar su gan ta.

Wannan 'yar toka-tokar ita ce Ferguson TE20. A Coventry aka ƙera su daga 1946 zuwa 1956, sama da dubu ɗari biyar. Kakar jajayen Massey Ferguson ɗin nan ce da muka taso muna gani a gonakin gida, don sai a 1953 ne kamfanin Ferguson ya haɗe da Massey-Harris. Ta maƙwabcina ce, wani dattijo Bature da nake kira Baba. Ya gaje ta daga mahaifinsa, kuma ko Sarkin Ingila ya zo tayi ba zai sallama ba.

Ciwonta a ƙafar hagu yake. Mai yana tsiyayowa daga aksul yana jiƙa birki, ka taka ta yi kamar ba da ita kake ba. Da muka zare shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da ke cikin aksul tana juya taya, sai muka tarar inda sil mai tare mai yake zama ya cinye har ya yi kwari, haƙoran kan shaf ɗin kuma sun fara murɗewa. Shi ya sa muka samo guda biyu na gwanjo daga jikin wata da ta mutu. Kafin na biya kuɗi sai da na ƙirga haƙoran na gwada tsawo, don a ido duk kamarsu ɗaya.

Abu na farko, don Allah kada ku raina shi: aksul ɗin gaba a tsakiya yake maƙale, yana lilo. Idan ka ɗaga baya ba ka cusa katako a gaba ta hagu da dama ba, tana iya kifewa a kanka. Mun zuke man, wajen lita 22, don giya da haidirolik da aksul duk mai ɗaya suke sha. Sai taya, sai durom, sai sandar birki, sai notikan baya. Wannan duk aikin ƙarfi ne kawai, na yanke shi daga bidiyon, har da inda na daki yatsana.

To ga inda labarin yake. Dubi wannan zoben ƙarfen da ke bayan boris. Ba noti ba ne, ba shi da zare, da zafi aka sa shi ya huce ya kama shaf ɗin gam. Ba ya kuntuwa. Sai ka huda shi da diril, a hankali kada ka taɓa shaf, sannan ka sa kurfi da guduma ka tsaga shi. Sabon kuwa sai ka gasa shi har ya sauya kala, ka ɗauko da filaya, ka sake shi ya sulale, ka bi shi da bututu ka doka kafin ya huce. Baba yana tsaye a kaina yana cewa in sake duba sil da boris kafin zoben ya sauka. Da gaskiyarsa. Ka manta abu ɗaya a ƙasa, sai ka sayi wani zoben.

Jiya kuma na tafka wauta. Waɗannan siraran farantan da kuke gani, kamar murfin gwangwanin madara, tsakanin gidan boris da bututun aksul suke zama. Na ga sun yi tsatsa, na ce me za su tsinana, na ajiye biyu a gefe na ɗaure komai tamau. Baba bai ce min uffan ba. Ya je ya juya ƙafar dama da hannu, sai ta hagu ta bi ta, duk gaba suka yi. Ya kalle ni ta saman tabarau.

Ashe shaf biyun nan a can ciki kawunansu suna fuskantar juna, kuma dole a bar musu ɗan wasa, kamar kaurin fallen takarda ɗaya ko biyu. Farantan nan su ke ba da wasan. Idan wasan ya yi daidai, ka juya ƙafa ɗaya gaba, ɗayar baya za ta yi. Idan suka tafi tare, kawunan sun matse juna, kuma da an shiga gona zafi zai ci boris ɗin da ka sha wahalar sa wa. Ni da na yi shekara shida a gareji a Zariya kafin in taho, ƙarfen da bai kai nauyin kwabo ba ya kunyata ni a gaban yarona.

Yau na sake kwancewa na mayar da su. Auta, riƙe da kyau. Bismillah. Kun gani? Dama gaba, hagu baya. Na jijjiga kuma, akwai ɗan motsi kaɗan, da ƙyar hannu ke jin sa.

Saura takalman birki, tsofaffin sun sha mai sun ƙoshi, wanki ba zai fid da su ba. Sababbin sai ranar Talata za su iso, don haka a kan katako za ta kwana. Baba ya kira mu shan shayi. Kashe kyamarar.