Minista ya amsa a majalisa, to kuɗin fa?

Jama'a, assalamu alaikum. Da zarar majalisar Kamaru ta zauna a Yawunde, sai gajerun bidiyo su cika WhatsApp daga Garwa har Kusuri. Depite, wato ɗan majalisa, ya miƙe yana ɗaga murya, minista yana juya takardu, a ƙasa an rubuta wai an rage haraji, ko wai za a fara biyan masu buƙata ta musamman. Washegari bawan Allah ya biya kuɗin mashin ya je ofis, a ce masa ba su san zancen ba.

Ga zauren depitoci nan a unguwar Ngoa-Ekelle a Yawunde, kujeru 180. Na dattawa kuma 100. Sau uku suke zama a shekara, Maris, Yuni da Nuwamba, kowane bai wuce kwana 30 ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1996 ya ce a ware zama ɗaya kowane mako domin tambayoyi, kuma ana iya tambaya a rubuce.

To, nan ne ake ɓacewa, ku natsu. Amsar minista bayani ce kawai. Ba a kaɗa mata ƙuri'a, shugaban ƙasa ba ya sa mata hannu, mai karɓar haraji a kasuwar Marwa ba ya aiki da ita. Ku dubi harajin TVA, wanda ake ɗorawa kan farashin kaya, kashi 19.25 cikin ɗari. Ko ministan kuɗi ya yarda a gaban kowa cewa ya yi wa talaka nauyi, gobe haka za a ci gaba da karɓarsa, sai ranar da aka canza shi a dokar kasafin kuɗi. Shi kansa depiten da kuka ga yana zufa, hannunsa a ɗaure yake: sashe na 18 ya hana a karɓi ƙudurinsa in zai rage kuɗin shiga ko ya ƙara wa gwamnati kashewa, sai ya nuna inda za a cike gurbin.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na masu buƙata ta musamman. Doka tana nan tun 13 ga Afrilu 2010. Ta yi tanadin katin shaida, da rangwamen kuɗin makaranta ga marasa hali. Amma doka a takarda tamkar rijiya ce ba guga. In ba a rubuta adadi a kason ma'aikatar jin daɗin jama'a ba, yaron da ke jiran keken guragu a garin Gidar zai ci gaba da jira, komai daɗin bakin minista.

Haka ma zancen kuɗin jam'iyyu, a taƙaice: dokar zaɓe ta 2012 ta ce gwamnati na ba su tallafi, kuma an hana su karɓar kuɗi daga waje. Depite na iya tambayar wa ya samu nawa. Hukunci kuwa ba a wannan zaman ake yanke shi ba.

Korar minista fa? Shugaban ƙasa ne ke naɗawa, shi ke saukewa. Majalisa sai dai ƙuri'ar rashin amincewa da gwamnati gaba ɗaya, ɗaya bisa uku su sa hannu, biyu bisa uku su amince.

Ni ban ce tambaya banza ba ce, wallahi ina son a yawaita ta, domin abin da minista ya faɗa ya shiga kundi, ana iya tuna masa. Amma a zaman Nuwamba ake kawo kasafin shekara mai zuwa, ministoci su bi layi gaban kwamitin kuɗi kowa ya kare nasa. Kafin lokacin ku nemi depitenku, ku da ƙungiyoyin guragu da makafi da kurame, ku ce masa: ranka ya daɗe, nawa aka rubuta mana bana, nawa kuma aka kashe bara?