Zaɓen Gwamnan Kano na 2023: Daga Rumfar Zaɓe Zuwa Kotun Ƙoli

Jama'a, assalamu alaikum. Yau Kano za mu leƙa, mu ga yadda zaɓen gwamna na 2023 ya gudana, da dalilin da ya sa aka kaɗa ƙuri'a a watan Maris amma magana ba ta mutu ba sai Janairun shekara ta gaba.

Ranar 25 ga Fabrairu aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar tarayya. Na gwamna da 'yan majalisar jiha an sa shi 11 ga Maris, sai hukumar INEC ta ɗaga shi da mako guda zuwa 18 ga wata, domin ta sake saita na'urar BVAS. Ita ce na'urar da ke tantance mai zaɓe da zanen yatsa ko da fuska. A ƙa'idar lokacin, sai ka cika shekara 18, ka yi rajista, ka zo rumfarka da katin zaɓe a hannu. Ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30 na safe, kuma duk wanda ƙarfe 2:30 na rana ta same shi a layi sai ya yi zaɓe.

Cin kujerar gwamna kuwa ba yawan ƙuri'a kaɗai ba ne. Sashe na 179 na kundin tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi. Kano na da 44, ke nan sai ya kawo 30.

Ranar 20 ga Maris aka bayyana sakamako. Abba Kabir Yusuf na NNPP, mai alamar kwandon kayan marmari a lokacin, ya samu 1,019,602. Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. Tazara 128,897. Girman wannan tazara ne ya hana a maimaita abin da ya faru a 2019, lokacin da ƙuri'un da aka soke suka fi tazarar da ke tsakanin 'yan takara yawa, aka ce zaɓe bai kammala ba. Kanawa ba su manta da "inkonkulusib" da mazaɓar Gama ba, inda bayan zagaye na biyu Ganduje ya tsallake da ƙasa da ƙuri'a 9,000.

An rantsar da Abba ranar 29 ga Mayu, APC kuma tana kotu. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, wadda ta karanta hukuncinta ta Zoom, ta zabtare wa Abba ƙuri'a 165,663. Hujjarta ita ce takardun ba su da hatimi, ko sa hannu, ko kwanan wata a bayansu. Ku yi lissafin da kanku: saura 853,939, Gawuna ya shige gaba.

Ku tsaya a nan kaɗan. Malamin zaɓe ne ke juya takardar ƙuri'a, ya buga mata hatimi, ya sa hannu, kafin ya miƙa maka. Kai naka dangwala yatsa ne kawai. To idan shi ya yi sakaci, tsohuwar da ta wuni a layi cikin rana ce za ta yi asarar ƙuri'arta? A ganina wannan bai zama adalci ba. Dokar zaɓe ta 2022 ma, a sashe na 63, ta bar ƙofa: idan jami'in tattara sakamako ya gamsu cewa takardar daga kundin da aka kawo rumfar ta fito, ana iya ƙirga ta.

Kotun ɗaukaka ƙara, ranar 17 ga Nuwamba, ita ma ta ce Abba ya sauka, tana mai cewa sunansa ba ya cikin rajistar 'yan jam'iyyar NNPP. Sai Kotun Ƙoli, ranar 12 ga Janairun 2024, a ƙarƙashin Mai Shari'a John Inyang Okoro, ta rushe duka hukuncin biyu. Ta maido da ƙuri'un nan, ta kuma ce batun waye ɗan jam'iyya harka ce ta cikin gida, ba ta abokin hamayya ba.